Jarkokin Hanyar Tsamiya

"Sauke jarkokin nan," in ji jami'in shingen hanyar Tsamiya. "Gas za ka tsallaka da shi Benin."

Tsohon direban ko ƙofa bai buɗe ba. Wata uku ke nan da 'yan bumburutun Bagudo suka rantse motarsa sai ta ruɓe a tasha, tunda ya ƙi farashinsu. Tun ranar yake dafa nasa man a tsakar gida, ya tace, ya ɗura wa motar.

"Yallaɓai, wanga bai taɓa ganin gidan mai ba. Baƙin man suya da matan bakin kogi ka zubarwa ne. Nuna min dokar da ta hana shi."

Ya taka totur. Hayaƙi ya lulluɓe shingen, yana ƙamshin soyayyen kifi.

Jami'in ya haɗiye yawu, ya ɗage sanda.