Gwanin Iyon Karaduwa

"Malam, ruwa ya tafi da ɗanmu!" matarsa ta ƙwalla ihu daga gaɓa.

Ya faɗa kogin Karaduwa da rigarsa. A nan mahaifinsa ya nutse, a nan ya koyi iyo don haushi, har ya ciyo kofi a gasar sojoji zamanin Turawa. Daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma babu mai kamo shi a ruwa.

Sau tara yana nutso, bai damƙo komai ba sai laka da karan dawa.

Ya ɗago yana haki, yana roƙon samarin da suka yi cirko-cirko a gaɓa su shigo su taya shi nema.

"Baba, ba mu iya ba," in ji ɗayansu cikin kuka. "Kai ka hana mu koyo. Shi ma da bulala ka kore shi."