Hannun Marini da Farar Safa

To, ɗana, tunda ikilisiya ta ɗora maka rabon gurasa ranar Jibin Ubangiji, ga shi har ka zo kana tambayata inda ake sayar da safar hannu irin ta 'yan birni, gyara zama in ba ka wani misali.

A wata ƙaramar majami'ar ƙauye an yi wani dattijo marini. Shekara ashirin da ɗoriya shi ke gutsuttsura gurasa yana sa wa kowa a tafin hannu. Ka san hannun marini: baban rini ya riga ya kama shi, shuɗi har ya koma baƙi, ko a kogi ya kwana ba zai fita ba. Amma ranar Jibi sai ya yanke farce, ya dirje hannu da toka da sabulun salo har sau uku, ya fito daga gida hannuwa a sama kamar wanda 'yan fashi suka tare. Ba ya musabaha da kowa, ƙofar majami'a ma da kafaɗa yake tura ta. In an tsokane shi sai ya ce jikin Ubangijinsa zai ɗauka, ba ya haɗa shi da gumin kowa. Bai iya karatu ba, waƙa kuwa in ya ɗauko sai mawaƙa su ɓace hanya. Wannan hidima ita kaɗai gare shi a gidan Allah, kuma yana ƙaunarta kamar ransa.

Ana nan sai wani ɗan garin ya yi ritaya ya dawo daga birni, aka sa shi cikin dattawa. Ran da marini ya fara miƙa masa gurasa, ya karɓa yana yatsina fuska kamar an ba shi maɗaci. A taron dattawa ya tashi ya yi dogon bayani kan ƙwayoyin cuta, ya ce bai dace baƙin hannu irin wannan ya taɓa abu mai tsarki ba, a birni farar safa ake sawa. Ka san halinmu mu dattawa, mun fi tsoron a ce mana 'yan ƙauye fiye da tsoron maciji. Nan take aka sauke marini, aka ba mai safa. Bawan Allah ya koma bencin baya ya cusa hannuwansa cikin riga, wallahi abin tausayi.

Ranar Jibi ta zo. Mutuminka tun daga gida ya zura safarsa fara fat, don duk gari su gani. Babur ya ƙi tashi, ya durƙusa ya taɓa nan ya murɗa can. Da ya iso ya tarar da bunsuru a harabar majami'a, ya kama shi ta ƙaho ya fitar. Sannan ya tsaya bakin ƙofa ya gaisa da kowa da kowa, har da masu mura. Cikin wa'azi zafi ya taso, ya share gumi. Atishawa ta zo, ya tare ta da hannu. Duk wannan a ransa cewa yake, ai hannuna a rufe yake, ba abin da ya taɓa shi. Kuma gaskiyarsa, hannunsa fes yake a ciki. Gurasar ce dai ba a cikin safar take ba.

Wadda ke gaban layi wata tsohuwa ce, uwar zumuntar mata, idonta ya yi rauni amma hancinta ko kare sai haka. Ta buɗe tafi, ya sa mata, ta kai baki sai ta tsaya. Ta matso da ita kusa da ido, ga shatin babban yatsa baƙi ƙirin a kan gurasa. Layi ya tsaya cak. Mawaƙa suka maimaita baiti ɗaya har sau uku. Fasto ya sunkuyo ya ce, "Mama, lafiya?" Ita kuwa da ma ba ta iya raɗa ba. Ta ce, "Fasto, Ɗan Rago na Allah aka ce mana za mu karɓa, ni kuwa bunsuru nake ji!" Kai! Mawaƙa suka shaƙe, mai ganga ya kifa kai a kan gangarsa, har kafaɗun Fasto sai da suka girgiza.

Mai safa ya juya tafukansa ya duba, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma in ba shi haƙƙinsa, ɗan halak ne. Ya tuɓe safar, ya ɗauki buta da sabulu da ƙwarya, ya taka har bencin baya ya durƙusa gaban marini, ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Kawo hannunka." Shi ya zuba masa ruwa, sau uku kamar yadda ya saba, tsohon yana wankewa hawaye na zuba. Aka buɗe sabuwar gurasa, baƙin hannun nan ya gutsura, tsohuwa ta shinshina, ta ce, "Yauwa," ta ci. Ta farkon kuwa, tunda an riga an sa mata albarka ba a zubarwa, mai safa ne ya zauna bayan an tashi ya cinye ta shi kaɗai, da man babur ɗinta da bunsurunta.

Saboda haka, ɗana, bar batun safa. Sayi sabulu, ka yanke farce, ka san abin da hannunka ya taɓa kafin ya taɓa na Ubangiji. In kuma wani ya raina launin hannun ɗan'uwansa, ka tuna masa da abin da Hausawa suka ce: daga baƙar tukunya ake fitar da farin tuwo.