Giwan Ruwa da Jar Igiya

Haladu, matso kusa, muryata ba ta kai nesa yanzu. Ka ce matarka ta yi yaji, kullum ka je biko sai ka ƙara kaya a kan na jiya, ita kuwa ta leƙo zaure ta duba ta koma ciki. Ga shi mahaifinta ya ce in watan azumi ya kama ba ku daidaita ba, sai gaban alƙali. To, akwai abin da na gani a zamanin da nake yawon neman karatu, a wani gari na bakin gulbi. Ko Yawuri ne ko can wajen Binuwai, ya ɓace mini. Na zauna a duka biyun, kuma a idon tsoho ruwa yakan yi kama da ruwa. Amma mutumin, har yanzu ina ganinsa.

Masunci ne mai 'ya'ya ƙanana. A garin nan, idan rani ya yi gulbi ya ja baya, yakan bar ramuka masu zurfi cike da ruwa, ana ce musu gurabu. Sarkin Ruwa yakan raba su ga masunta, kowa da gurbinsa har saukar damina. Wata safiya wannan mutum ya ga giwan ruwa ya gifta ta ƙarƙashin kwalekwalensa, tsawonsa ya kusa na mutum. Kwalekwalen kuwa ya tsufa, yana yoyo, ba zai iya da ruwan damina ba, kuma kifi ɗaya irin wannan ya isa a sassaƙa masa sabo. Tun daga ranar hankalinsa bai sake kwanciya ba, don ya san kifin baƙo ne. Ranar da gulbi ya cika ya haɗe da gurbin, zai tafi abinsa.

Ya ce a ransa, babban baki sai babbar loma. Ya je wurin maƙeri aka ƙera masa ƙugiya kamar wadda mahauta ke rataye nama. Ya nemo igiya mai kauri, ya jiƙa ta a ruwan bagaruwa don kada ta ruɓe, ta fito jawur. Ya soka karfasa mai faɗin tafin hannu, ya jefa. Ruwan rani kuwa garau yake, kana hangen yashin ƙasa. Giwan ruwa ya taso daga zurfi a hankali, ya bi koton har gindin kwalekwale, ya tsaya, ya duba, ya juya. Masunci ya ce, ya raina ne. Washegari ya soka wadda ta fi ta girma. Kifin ya sake biyowa, ya sake dubawa, ya sake juyawa. Aka koma wurin maƙeri aka ƙara wa ƙugiya girma. A kwana a tashi, duk kifin kirkin da ya kamo, wanda da tukunya zai shiga, ƙugiya yake tafiya, ya wuni a ruwa ya kumbura a zubar. Matarsa tana kaɗa miyar kuka lami, yara suna leƙa kwando suna komawa. Shi kuwa ido ɗaya a ruwa, ido ɗaya a gabas. Iska ta sauya. Shamuwa ta iso ta sauka a kan tsamiyar bakin gari, kowa yana murna, shi yana ƙirga kwanakin da suka rage kafin damina.

Wata la'asar, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya tuna ko na miya babu a gida. Ya naɗe jar igiyarsa, ya ɗauko 'yar fatsa irin ta yara, mai siririn zare, ya sa tana ya jefa. Wata 'yar karfasa da ba ta fi yatsa uku ba ta kama. Yana jawo ta tana wutsil-wutsil, sai ruwa ya dare. Wannan karon giwan ruwa bai tsaya duba ba, haɗiye ta ya yi. Zaren ya zarce da gudu, ya yanki yatsan masunci, ya tsinke. Ya shiga laluben wata ƙaramar ƙugiya da zai ɗaura wa zare mai ƙarfi, amma bai tanadi ko ɗaya ba, duk tanadinsa na manya ne. Kafin ya kai gaɓa ruwa ya kece. Ba a jima ba gulbi ya cika ya shafe gurabun duka.

Na same shi bayan haka zaune a bakin ruwa, yatsa ɗaure da tsumma, yana toshe kwalekwale da ƙyalle. Na yi masa jaje. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Malam, ashe yunwa yake ji tun farko. Igiyata yake gani."

Ban ce 'yar mutane kifi ce ba, Allah ya tsare. Ina na tsaya? Yawwa, kayan nan. Ina tsoron ba atamfofin take gani ba, abin da ke ɗaure a bayansu take gani. Akwai wata 'yar ƙaramar magana da ka san ba ka faɗa mata ba tukuna. Je ka da ita kaɗai, amma ka tanadi zuciyar da za ta iya riƙewa in an karɓa, kada ta tsinke a hannunka. Kuma kada ka bari sai gobe, don na ji ana cewa watan Sha'aban ya raba. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce: kifi na ganinka, mai jar koma.