Sallama a Gamkalley

Jama'a, an ɗauke ni! Ni Hamsatu da na tsaya a aji shida, yau na shiga formasiyo, wato horon masu taimakon jama'a, ga Nafisata goye a baya.

Madam mai koya mana ta ce aikin farko ba wuya. Gwamnati ta rubuta sunayen matan unguwarmu Gamkalley marasa kowa, mu bi gida gida, mu yi sallama, mu tambayi lafiyarsu. Ta miƙo mini takardata.

Na haɗa baƙaƙen a hankali. Sunan farko nawa ne.

Na koma gida, na tsaya bakin ƙofata, na yi sallama. Tun tafiyar baban Nafisa Agadas ba wanda ya yi sallama a nan. Na shiga da sauri, na amsa.