Dakalin Mai Unguwa

Tunda ka ce bakinka ya gaji da yi wa mutanen unguwarku magana ba sa ji, zauna in ba ka misali.

An yi wani mai unguwa a wani tsohon gari, mutum mai haƙuri da son a zauna lafiya. A unguwarsa akwai wani dogon lungu mai gangare, kwata na bin gefensa tun daga ƙofar gidansa har ta faɗa kududdufi. Da tafiya ta yi tafiya, kowa ya ga ƙofar gidansa ta yi masa kaɗan. Wannan ya gina dakali a kan kwatar, wancan ya kafa turken awaki, mai shago ya jawo rumfarsa gaba. Ruwa kuwa ba ya neman izinin kowa. Da ya rasa hanyarsa sai ya bi tsakiyar lungu, ya je ya kwanta a gindin ɗakin wata tsohuwa mai daddawa da ke can ƙarshen gangaren. Ɗakin ƙasa ne, a ciki take kwana da jikokinta biyu. Damina biyu bangon yana shan ruwa har ya tsage, magini ya duba ya ce in aka ƙara ɗaya, to ɗakin ba zai ga kaka ba.

Mai unguwa ya sa sanƙira ya yi shela a buɗe kwata kafin ruwa ya sauka. Ya roƙi liman ya maimaita bayan sallah. Ya tara magidanta a ƙofar gidansa har sau uku, yana zaune kan dakalinsa yana yi musu nasiha mai ratsa jiki. Kowa ya ce to, a tashi, ko tsinke ba a kawar ba. Shi a ransa ya san inda gizo ke saƙar, ko kuwa haka yake zato: dakalin da ya fi kowanne girma a lungun na surukinsa ne, uban matarsa, dattijon da ko sunansa ba ya iya kamawa, wanda tun daga nesa yake tuɓe wa takalmi. Da wane baki zai ce masa ya rushe wurin zamansa? Abin ya dame shi ƙwarai, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga tsohuwa da marayu ƙarƙashin bango tsagagge. Ran da aka yi ruwan fari, tsohuwar ta zo da zani jiƙe har gwiwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya jin shela. Ka bi sawunsa da ƙafarka ka ga inda ya fara bauɗewa."

Ya ɗauki sandarsa ya fara daga ɗakinta, yana hawa gangaren yana bin zanen da ruwa ya bari a ƙasa. Ya wuce rumfar mai shago, ya wuce turken awaki, ya wuce dakalin surukinsa, zanen bai ƙare ba. Bai tsaya ba sai a ƙofar gidansa. Dakalin da mahaifinsa ya gina, inda ake sulhunta ma'aurata da masu rikicin iyaka, shi ne ya fara tare kwatar. An bar masa ɗan rami a ƙasa tun asali, amma ƙasa da shara sun toshe shi shekara da shekaru, shi kuwa bai taɓa sunkuyawa ya leƙa ba, don mai zama kan abu ba ya ganin ƙarƙashinsa. Kunya ta rufe shi. Sai a lokacin ya gane murmushin da magidanta ke yi in sun ce masa to: cewa suke a ransu, wanzami ba ya son jarfa.

Washegari da hantsi, ba shela ba taro, ya tuɓe babbar riga ya ɗauki diga. Ƙarar digar ce ta fito da mutane, suka tsaya cirko-cirko suna kallon mai unguwarsu, gumi sharkaf, yana farfasa gadon ubansa. Da ya gama ya kwashe ɓaraguzan, ya shimfiɗa tabarma a ƙasa ya zauna sauraron masu kawo ƙara kamar kullum. Surukin nasa yana kan nasa dakalin, gida uku a ƙasa, carbi a hannu, yana ganin komai. Zaman ya gagare shi. Ya miƙe ya tako da kansa, ya tsaya daga gefe ya ce, "Mai unguwa, in an gama da digar nan a miƙo mini ita." Daga nan fa ba wanda ya jira a kira sunansa. Kafin Juma'a ta zagayo, kwata ta buɗe daga sama har kududdufi, magidanta kuma suka yi gayya suka yaɓe wa tsohuwa bangonta.

A daminar nan an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya bi hanyarsa ya wuce, tsohuwa da jikokinta suka ga kaka a cikin ɗakinsu. Shela da taro uku da wa'azin liman ba su ɗaga bulo ɗaya ba, safiya ɗaya da diga ta buɗe lungu duka. Don haka kafin ka koma ka sake tara su, sunkuya ka leƙa ƙarƙashin naka dakalin. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, gani ya kori ji.