Kwanon Mai Gyaran Agogo

Yaya ake kashe mutumin da kullum sai ya share maka kujera kafin ka zauna? Makashin ya daɗe a sana'arsa, amma bai san amsar wannan ba.

Wani attajiri ne ya turo shi ya kawar da wani tsoho mai gyaran agogo da ya ƙi sayar masa da shagonsa. Ya shiga da bindiga a aljihu, tsohon ya ga agogon hannun makashin ya tsaya, ya ce ya zauna. Tun daga ranar kullum sai ya zo, su sha hira, ya koma da harsashinsa. Tayin abinci kaɗai yake ƙi, don ba ya cin abincin wanda zai kashe.

"Wai kai guba kake tsoro?" tsohon kan tsokane shi.

"A ƙoshe nake, Baba."

Yau wa'adin da attajirin ya ba shi ya cika: ko ran tsohon, ko nasa. Yana zaune a shagon aka bugo masa waya. Attajirin ya zame a banɗaki, ya mutu.

Ya sauke numfashi, har da ƙwalla.

"Rasuwa aka yi? Ɗan'uwanka ne?" in ji tsohon.

"Maigidana ne, Baba."

"Allah ya jiƙansa." Tsohon ya buɗe kwano. "To ajiye ƙarfen nan na aljihunka. Tun zuwanka na farko yake karkata maka riga."

Makashin ya wanke hannu, ya jawo kwanon.