Ƙullin da ke Bakin Sanda

Ana shirin rufe akwatin gawar mijinta sai ƙaninsa ya tsaya cak, sandar wasan ƙwallon lakuros ta marigayin a hannunsa.

A garinsu na 'yan asalin Kanada, da sandar wasansa ake binne namiji, don ya ci gaba da buga ƙwallo a can. Mace kuwa ba ta taɓa ta, ko da ɗan yatsa.

Ƙanin ya ƙura wa ragar fatar da ke bakin sandar ido.

"Matar Yaya, wa ya gyara wannan? Shekara tara hannunsa na rawa, ko cokali sai da dabara."

"Ni ina na sani? Ai wasanku ne."

"Wannan ba ƙullinmu ba ne. Irin na safar da kike saƙa mana ne."

Shekara tara tana tura ƙofa tana ɗaure masa ragar a ɓoye, kada a ce gwani ya gaza.

Sai ƙanin ya miƙa mata sandar a gaban kowa.

"Sa masa da hannunki. In ta tsinke a can, ya san wadda zai jira."